Tambayoyinku: Goge imel ko riƙe tsohuwar waya, wanne ya fi rage hayaƙi?

Tambaya: Malam, an rarraba mana takarda a ofis cewa kowa ya goge tsofaffin saƙonninsa na imel domin rage hayaƙin da ke ɗumama duniya. Yini guda na yi ina gogewa. Da gaske wannan aikin yana da amfani? Daga wata ma'aikaciyar ofis.

Amsa: Sannu da ƙoƙari, Malama, amma gaskiya ɗaya ce: amfanin kaɗan ne ƙwarai. Saƙon rubutu ba ya cin wuri, kuma na'urorin da ke riƙe da shi ba za su daina aiki ba don kin goge naki. Mai yiwuwa ma wutar da kwamfutarki ta sha a wannan yinin ta fi wadda gogewar ta ceto.

Ban ce cibiyoyin adana bayanai, wato gine-ginen da waɗannan na'urori suke ciki, ba sa shan wuta ba. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2024 sun sha kusan kashi 1.5 cikin ɗari na lantarkin duniya, kuma abin ƙaruwa yake yi, musamman saboda ƙirƙirarriyar basira. Sai dai ba gaisuwar da aka aiko miki shekara shida da suka wuce ba ce ke kawo wannan. In kina son gyara a ɓangaren imel, ki daina liƙa wa mutum arba'in fayil mai nauyi a saƙo ɗaya. Ki ajiye shi wuri guda ki tura musu mahaɗin.

Tambaya: Wayata ta shekara uku, batirinta ba ya kai la'asar. Na ga tallar wata sabuwa da aka ce an ƙera ta da kayan da aka sake sarrafawa. Sayen ta ai taimakon muhalli ne ko? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Ɗan'uwa, nan ne maganar take, don haka bari in ɗan zauna a kanta.

Mutane suna zaton cajin waya ne ke jawo hayaƙi. Mu yi lissafi. Batirin waya mai girma yana ɗaukar abin da bai kai wat 20 na awa guda ba. Ko kullum kake cika shi daga ƙasa har sama, a shekara ba za ka wuce yunit bakwai zuwa takwas na wuta ba, tunda yunit ɗaya wat 1,000 ne na awa guda. Dutsen guga na lantarki zai shanye wannan a 'yan awoyi. To ina hayaƙin yake? Yana can baya, tun kafin wayar ta zo hannunka: haƙo ma'adinai irin su kobalt da litiyom da zinariya, tace su, sannan uwa uba ƙera ƙananan ƙwaƙwalwan lantarki a masana'antun da ke cin wuta ba dare ba rana. Rahotannin da kamfanin Apple yake fitarwa da kansa sun nuna cewa kusan kashi 80 cikin ɗari na hayaƙin da iPhone ke jawowa a duk tsawon rayuwarta a wajen ƙira ake fitar da shi, kuma jimillar tana kaiwa wajen kilo 60 a waya ɗaya. Wato ranar da ka ɓare kwalin, an riga an ci bashin.

Saboda haka wayar da ta fi sauƙi ga muhalli ita ce wadda take aljihunka yanzu. Kayan da aka sake sarrafawa abu ne mai kyau, ban raina ba, amma ba su goge hayaƙin ƙera sabuwa. Kai kuma matsalarka batir ce kawai. Ka kai wa ƙwararren mai gyara ya canza shi, wayar ta ƙara maka shekara biyu. Bayan haka ka kula da sabon: zafi ne babban abokin gabar batirin litiyom, kada ka bar waya a rana ko ƙarƙashin matashin kai tana caji. Wayoyi da yawa yanzu suna da saitin tsayar da caji a kashi 80 ko 85, ka kunna shi.

Abu ɗaya ne zai sa in ce ka canza: idan kamfanin ya daina turo mata sabuntawar tsaro, kuma kana harkar banki da ita. In ranar ta zo, ka fara tambayar shekara nawa za a riƙa sabunta wadda za ka saya, kafin ka tambayi kyamara. Google da Samsung sun yi alkawarin shekara bakwai ga Pixel 8 da Galaxy S24. Tarayyar Turai kuma, tun daga Yunin 2025, ta wajabta wa kamfanonin da ke ƙera waya ko shigo da ita ƙasashenta samar da kayan gyara har shekara bakwai bayan an daina sayar da samfurin.

Tambaya: Yarana suna kallon bidiyo ta intanet sosai. In rage ingancin hoton zai rage hayaƙi? Daga wani uba.

Amsa: Zai rage maka kuɗin data, wannan kam tabbas. Hayaƙi kuwa, girman allon ne ya fi tasiri. Wani nazari na Hukumar Makamashi ta Duniya ya ƙiyasta hayaƙin awa guda na kallo a 2019 da kimanin giram 36, kuma kaso mafi tsoka na wutar, na'urar da ake kallon a kai ce ke shan sa. Babban talabijin yana cin wajen wat 100, waya kuwa wat ɗaya ko biyu. Abin da ke ba ni haushi shi ne talabijin yana ta surutu shi kaɗai a falo, kowa na ɗaki yana latsa waya. Ka kashe saitin da ke jero bidiyo ɗaya bayan ɗaya da kansa, Alhaji, sauran kuma tarbiyya ce, ba fannina ba ne.

Tambaya: Muna da kwamfutoci goma sha biyu a ofis da ba su karɓi Windows 11 ba. Shugabanmu ya ce a zubar a sayo sababbi. Mene ne shawararka? Daga wani jami'in kula da kayan aiki.

Amsa: Shugabanku yana da hujja ta fuska ɗaya, domin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma barin kwamfutar ofis ba sabuntawar tsaro ganganci ne. Amma kwamfutocin lafiyarsu lau, manhajar ce ta juya musu baya. Waɗanda aikinsu bai wuce buga takarda, lissafi da shiga intanet ba, ku sa musu Linux Mint, wata manhajar tafiyar da kwamfuta ce a madadin Windows, kuma kyauta ce, ku canza tsohon faifan ajiya da SSD, wato sabon nau'in ma'ajiya mai sauri. Za ku yi mamakin gudunsu. Ku gwada a kan biyu tukuna, don wasu manhajojin lissafin kuɗi da wasu na'urorin buga takarda ba sa jituwa da Linux.

Waɗanda dole a rabu da su, ku share bayanan ciki tas, ku bayar kyauta ko ku miƙa wa masu sake sarrafa kayan lantarki na halal. Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna sharar lantarki ta kai tan miliyan 62 a 2022, kuma kashi 22 cikin ɗari kacal aka tabbatar an tattara an sarrafa yadda ya kamata. In za ku sayi sababbi, laftop ta fi ta tebur ƙarancin shan wuta nesa ba kusa ba.

Tambaya: Barin caja a jikin soket yana cin wuta? Daga wata uwargida.

Amsa: Yana ci, amma cajar zamani da ba a jona mata waya ba ba ta kai rabin wat. Ki duba na'urar wayifai, Hajiya. Mai cin wat goma da ke kunne dare da rana tana shan kusan yunit 88 a shekara, fiye da cajin wayoyi goma. In babu kyamarar tsaro ko wani abin da ya dogara da ita, ki kashe ta in za a kwanta.