Neman kaka a takardun ƙidayar Amurka

Malam, ka ce kakar mahaifinka ta ɓace maka a ƙidaya kafin 1900. Ba mamaki, wata gobara da aka yi a 1921 ta lalata yawancin takardun ƙidayar 1890, sai dai ka tsallaka zuwa 1880. Amma da wane suna? A Amurka matar aure sunan miji take ɗauka, don haka in ba ta yi aure ba a 1880, da sunan gidan uba za ka same ta. Fara nemo takardar aurenta a ofishin gundumar da aka ɗaura shi, nan sunanta na gidan uba yake. Ƙidayar 1900 ta rubuta shekara nawa aka yi da aure, sai ka lissafa baya.

Kada ka rantse da shekarun haihuwa, wani lokacin maƙwabci ne ya amsa wa mai ƙidaya. Suna kuwa yadda mai ƙidaya ya ji yake rubutawa, don haka ka gwada rubutu iri-iri.