Kwana Uku a Berlin: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Malam, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ni ɗan kasuwa ne, kuma a watan Nuwamba zan halarci wani baje koli a Frankfurt tare da mai ɗakina. Bizarmu ta fito, sannan za mu samu rarar kwana uku, daga Juma'a zuwa Lahadi, kafin mu kamo hanyar gida. 'Yarmu ta ba mu shawarar mu leƙa Berlin. Shin kwana uku za su ishe mu, kuma ta ina ya kamata baƙo ya fara? Daga mai karanta shafinku a Kano.

Amsa: Alhaji, ina amsa gaisuwa, Allah Ya kai ku lafiya Ya dawo da ku lafiya. Shawarar 'yarku mai kyau ce. Kwana uku ba za su isa a ga Berlin duka ba, domin birni ne mai faɗi da ke ɗauke da mutum sama da miliyan uku da rabi, amma za su isa a fahimce shi idan aka zaɓi wurare kaɗan aka ba kowanne haƙƙinsa. Yawancin baƙin da na ga sun dawo da ƙorafi, gajiya ce ta hana su jin daɗi, saboda sun so su taka ko'ina a yini guda.

Abu na farko da za ku yi lissafinsa shi ne gajartar rana. A Nuwamba gari ba ya wayewa sosai sai bayan ƙarfe bakwai, azahar tana shiga kafin sha biyu ta cika, la'asar tana biyo ta da wuri, rana kuma tana faɗuwa wajen ƙarfe huɗu. Jirgin ƙasa mai sauri da ake kira ICE yana ɗaukar kimanin awa huɗu daga Frankfurt, don haka idan kuna son samun sallar Juma'a a Berlin, gara ku taso tun daren Alhamis, ko kuma ku yi sammako na gaske. Agogonku ba zai canza ba, domin a lokacin sanyi ƙarfen Jamus da na Najeriya da Nijar ɗaya ne. Sai a lokacin zafinsu ne suke shiga gabanmu da awa guda. Sanyin kuwa ba irin na hunturunmu ba ne mai bushewa, sanyi ne mai laima da yayyafi, saboda haka rigar sanyi mai kauri da safa da rufaffen takalmi sun zama dole, ga Hajiya ma haka.

Game da masauki, ku nemi otal da bai wuce tafiyar minti biyar a ƙafa daga tashar jirgin cikin gari ba, a unguwar Mitte ko kewayen babbar tasha. Jiragen kala biyu ne, U-Bahn da ke bin ƙarƙashin ƙasa a mafi yawan hanyarsa da S-Bahn da ke bin sama, kuma tikiti ɗaya ne ke aiki a cikinsu har da bas da taragon kan titi. Ku sayi tikitin awa 24 na shiyyar A da B, wato shiyyoyin kuɗin tikiti da suka ƙunshi cikin birni, wanda ya wadatar da duk abin da zan ambata. A nan ne baƙi da yawa suke faɗawa tarko: babu ƙofa ko mai karɓar tikiti a bakin tasha, mutum yana shiga ne kai tsaye, amma dole ne ya zura tikitinsa na takarda cikin wani ɗan akwati ja ko rawaya da ke bakin dandamali domin ya buga masa hatimin lokaci. Na taɓa ganin wani dattijo baƙo riƙe da tikitinsa sabo fil a hannu, yana nuna wa masu bincike, waɗanda galibi kayan gida suke sawa, amma da yake babu hatimi a kai sai da aka ci shi tarar Yuro 60. Haka kuma ku kula da hanyar keke da ake shatawa a gefen hanyar masu ƙafa, domin masu keken ba sa rage gudu.

Wurin farawa shi ne Ƙofar Brandenburg, wadda aka kammala a 1791, da ginin majalisar dokoki na Reichstag da ke kusa da ita. Hawa ƙubbar gilashin da ke saman majalisar kyauta ne, sai dai ana yin rajista tun da wuri a shafin majalisar na intanet, kuma ana neman fasfo a ƙofa, don haka ku sa 'yarku ta yi muku wannan tun kuna Kano. Daga can sama ana hango birnin gabas da yamma, ana kuma leƙa zauren da 'yan majalisa suke zama a ƙasa. Masu sauraron sashen Hausa na DW sun saba jin sunan Bonn, har wasu suna ɗauka nan ne babban birni. A da haka ne ga Jamus ta Yamma, amma bayan haɗewar ƙasar a ranar 3 ga Oktoba 1990 majalisa ta kaɗa ƙuri'a a 1991 cewa a koma Berlin, kuma aka tare a wannan gini a 1999.

Daga ƙofar, tafiyar 'yan mintuna ce zuwa titin Wilhelmstraße, kuma wannan ne wurin da nake roƙon kada ku wuce shi, ko da yake ba a cika kai baƙi can ba. Babu wani gini mai ɗaukar ido a wurin, gidajen haya ne kawai da aka gina zamanin Jamus ta Gabas, sai wani allo da ke tsaye a gefen hanya ɗauke da taswirar Afirka da bayani cikin Jamusanci da Turanci da Faransanci. A nan fadar shugaban gwamnati Bismarck take a da, inda wakilan ƙasashe 14 suka zauna daga 15 ga Nuwamba 1884 zuwa 26 ga Fabrairu 1885 suna tattauna makomar Afirka, ba tare da an gayyaci ɗan Afirka ko ɗaya ba. Sau da yawa ana cewa a teburin nan aka zana iyakokinmu, amma abin da aka yi shi ne shimfiɗa ƙa'idojin rabon, ciki har da 'yancin zirga-zirgar jiragen ruwa a kogin Kwango da kogin Kwara. Iyakar da ta raba Katsina da Maraɗi, ta raba Daura da Damagaram, ta fito ne daga yarjeniyoyin da Ingila da Faransa suka ƙulla daga baya, tun daga 1890 har zuwa 1906. Shekara 18 kacal bayan tashi daga taron, a 1903, sojojin Ingila suka shiga Kano da Sakkwato. Ni dai duk lokacin da na tsaya a gaban allon nan, motoci na wucewa, mazauna unguwa na harkokinsu, sai jikina ya yi sanyi, kuma ina ganin Bakano ya cancanci ya ba wurin ko da minti goma ne. Kusa da nan akwai dandalin tunawa da Yahudawan da 'yan Nazi suka hallaka, mai ginshiƙan kankare 2,711, wuri ne na natsuwa da ba a hawa kan ginshiƙansa ko wasa a cikinsa.

Sai batun Katangar Berlin da ta raba birnin gabas da yamma, wadda aka fara ginawa a 13 ga Agusta 1961, ta kewaye Berlin ta Yamma tsawon kimanin kilomita 155, ta kuma buɗe a daren 9 ga Nuwamba 1989. Motocin yawon buɗe ido za su kai ku shingen Checkpoint Charlie, wanda bai wuce wurin ɗaukar hoto da sayar da tsaraba ba. Idan ana son a gane abin da katangar ta yi wa mutane, titin Bernauer Straße ake zuwa, kuma shiga kyauta ne. A can an bar wani yanki yadda yake, da katangar waje da ta ciki da filin da ke tsakaninsu da hasumiyar masu gadi, ga kuma hotunan waɗanda suka rasa rayukansu, waɗanda adadinsu ya kai aƙalla 140. A wannan titin gidajen suna gabas ne amma hanyar da ke ƙofarsu tana yamma, shi ya sa a kwanakin farko mutane suka riƙa dirowa ta taga kafin a toshe tagogin da bulo. A sauran sassan gari za ku riƙa ganin layi biyu na duwatsu a shimfiɗe cikin kwalta, wato sawun inda katangar ta bi.

Ku ware Asabar domin sayayya, saboda ranar Lahadi kusan duk kantuna a rufe suke, in ban da wasu da ke cikin manyan tashoshin jirgi. A matsayinka na mai zama a wajen Tarayyar Turai, idan sayayya ta haura Yuro 50 a kanti ɗaya kana iya neman takardar mayar da harajin kaya, a buga mata hatimin kwastan a filin jirgi ranar tafiya. Lahadi kuma ta gidajen tarihi ce. Gidan Pergamon, inda sashen kayan fasahar Musulunci yake, an rufe shi tun Oktoban 2023 domin gyara, saboda haka ku tabbatar da halin da ake ciki kafin ku nufe shi. Daura da tsibirin gidajen tarihin akwai Humboldt Forum, inda ake nuna wasu daga cikin tagullan masarautar Benin. A 2022 an mayar wa Najeriya mallakar guda 512 da ke Berlin, waɗanda ake gani a can yanzu aro ne. Idan ƙafa ta gaji, bas mai lamba 100 yana bi ta gaban yawancin waɗannan wurare daga Alexanderplatz zuwa tashar gidan namun daji, da tikitin nan naku na yau da kullum.

Tambaya: Malam, ni ma zan raka maigidana Berlin, kuma abin da ke damuna shi ne abinci da wurin salla, da kuma yadda ake kallon mace mai hijabi. Daga wata mai karatu a Damagaram.

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, domin Berlin tana cikin biranen Turai da Musulmi ba ya shan wahalar waɗannan abubuwa. Tun a shekarun 1960 Turkawa suka fara zuwa aiki Jamus, daga baya Larabawa suka biyo, kuma a unguwannin Neukölln da Kreuzberg da Wedding mace mai hijabi ba abin kallo ba ce. Ba zan ce babu masu ƙyamar baƙi ba, akwai su, musamman can gefen gari da tsakar dare, amma a tsakiyar birni da rana abin da za ki fi haɗuwa da shi shi ne kowa yana harkar gabansa. Idan wani abu ya taso, lambar 'yan sanda 110 ce, ta motar asibiti da 'yan kwana-kwana kuma 112.

Masallacin Şehitlik da ke titin Columbiadamm yana da hasumiya biyu da ƙubba irin ginin Daular Usmaniyya, an gina shi ne a harabar wata maƙabartar Turkawa da ta samo asali tun 1866, kuma yana da sashen mata. A Kreuzberg akwai masallacin Umar bin Khaɗɗabi dab da tashar Görlitzer Bahnhof. Ban da waɗannan akwai ƙananan masallatai masu yawa da ke cikin benaye da bayan gidaje, waɗanda ba a gane su daga titi sai an tambaya, kuma matambayi ba ya ɓata. Ki riƙa tafiya da 'yar darduma mai naɗewa da ƙaramar gorar ruwa a jaka, domin ba a ajiye buta a banɗakunansu, kuma na kan hanya ana biyan 'yan sulalla kafin a shiga.

Abinci kuwa, titin Sonnenallee cike yake da gidajen abincin Larabawa da mahauta na halal, kuma kowace Talata da Juma'a ana cin kasuwar Turkawa a bakin ruwa a Maybachufer, inda za ki samu kayan miya da 'ya'yan itace da yadudduka. Gurasar döner mai yankakken nama tana ko'ina, yawancin masu sayar da ita Musulmi ne, amma babu laifi a tambaya. Abin da za ki kiyaye shi ne tsiren nan nasu da ake yayi mai suna Currywurst, wanda galibi naman alade ne. Ki haddace kalmomi uku, Schwein da Schinken da Speck, duk inda kika gan su a jikin kaya to da alade a ciki, yayin da Rind ke nufin naman sa, Hähnchen kaza, Lamm kuma ɗan rago. Ruwan famfo ana shansa ba tare da fargaba ba, amma idan na kwalba za ki saya ki nemi mai rubutun still, in ba haka ba za a miƙo miki mai gas. Ki riƙe tsabar kuɗi kaɗan, domin har yanzu akwai ƙananan shaguna da ba sa karɓar kati.

Tambaya: Malam, ina karatu a Ingila, kuma ina son zuwa Berlin hutun ƙarshen mako. Bizata ta Birtaniya za ta shigar da ni? Sannan zan iya kai wa abokina kilishin da aka aiko mini daga gida? Daga wani ɗalibi ɗan Zariya.

Amsa: Ɗana, amsar duka biyun ita ce a'a. Birtaniya ba ta cikin yankin Schengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, ciki har da Jamus, saboda haka mai fasfon Najeriya sai ya nemi bizar Schengen daban, kuma kana iya nema daga can inda kake zaune. Kuɗinta Yuro 90 ne tun daga Yunin 2024, ana buƙatar inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000, kuma dole fasfonka ya kasance da sauran aƙalla wata uku bayan ranar da za ka fita daga yankin. Ana karɓar takardu tun wata shida kafin tafiya, don haka kada ka bari sai hutu ya matso. Filin jirgin Berlin, wanda aka buɗe a 2020, yana cikin shiyyar C ne, saboda haka tikitin A da B da C za ka yanka zuwa cikin gari. Kilishi kuwa, da dambun nama da man shanu, dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama ko kayan madara daga ƙasashen waje, kuma Birtaniya ma yanzu waje take. Idan jami'an kwastan suka gani za su ƙwace, wataƙila har da tara. Ka bar kilishin a ɗakinka, ka kai masa yaji da kuka da busasshiyar kuɓewa.