Wa ke karɓar kyauta, wanda ya rubuta waƙa ko wanda ya rera?

Ɗan'uwa, ka ce kai ka rubuta wa abokinka baitocin hip-hop, shi ya hau su, kana tambaya idan waƙar ta ci kyauta wa za a kira. Amsar tana ga irin kyautar. A Grammy ta Amurka, kyautar waƙar rap mafi kyau, wadda aka fara bayarwa a 2004, ta marubuta ce, duk wanda sunansa ke cikin rubutun yana da rabo. Akwai wata daban ta rerawa, wannan ta mai makirufo ce. A nan gida kuma, Headies, da aka fara a 2006, tana da kyautar gwanin baiti, amma mawaƙin da aka ji muryarsa ake miƙa wa, domin a hip-hop an ɗauka kowa da alƙalaminsa yake shiga situdiyo.

Sharaɗin ɗaya ne: sunanka ya shiga takarda kafin waƙar ta fita. Na taɓa zama a wani situdiyo a Barnawa, wani yaro ya rubuta amshi da baiti guda cikin dare ɗaya, aka sallame shi da kuɗin mota. Waƙar ta zaga Kaduna, ba wanda ya san shi, kuma har yau abin yana ci min rai. Ku zauna da abokinka da mai kiɗan, ku rubuta kason kowa, ku sa hannu tun kafin a ɗora ta a intanet.