Amsa ga ƙanena mai son karatun ƙwayoyin polima a Kanada

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka gama digirin kimiyyar sinadarai a Zariya, kana son zuwa nan Kanada ka yi digiri na biyu a kan ɗaure ƙwayoyin polima da haske, kana tambaya ko fagen yana da makoma.

Yana da ita, amma ka fara fahimtar matsalar da ake son magancewa. Akwai polima, wato sinadari mai siffar doguwar sarƙa, mai ɓangare biyu, ɗaya na son ruwa, ɗaya na gudunsa. In aka zuba shi a ruwa sai ya dunƙule ya zama ƙwaya mai faɗin nanomita 10 zuwa 100 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), a cusa magani a cikinta. To da zarar an yi allura ta shiga jini, ruwa ya yi mata yawa, sai ta wargaje, maganin ya zube tun bai kai ga ciwon ba. Shi ya sa ake ɗaure ta. Ana liƙa wa sarƙar polima wani sinadari mai suna kumarin, a haska mata hasken UV, wanda ido ba ya gani, mai tsawon zango nanomita 365, sai kumarin biyu su kama juna su ƙulla zoben kabon huɗu, kamar an ɗinke bakin buhu. Ba a buƙatar zafi. Abin da ya fi burge ni, hasken nanomita 254 yana iya warware ƙullin. Yue Zhao na Jami'ar Sharbruk da ke nan Kanada ya yi fice a wannan aiki, Guojun Liu kuma ya yi irinsa da wani sinadarin mai suna sinamet tun shekarun 1990.

Da sauran aiki fa: UV ba ya ratsa jiki da nisa, yana kuma iya lalata maganin da ke ciki. A nan ne ake neman sabbin hannu.

Kada ka aika wa malami wasiƙa kana cewa kana sha'awar nano (kimiyyar ƙananan ƙwayoyi) kawai, irinta suna samu kullum. Karanta takardunsa, ka nuna masa ka san yadda shan hasken kumarin a wajen nanomita 320 yake raguwa yayin da ɗaurin ke kankama, kuma ka iya karanta sakamakon NMR, gwajin da ke nuna tsarin sinadari. Sharbruk da Faransanci ake karatu, 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun fi mu sauƙi a nan. Kuma don Allah kada ka taso sai malamin ya rubuta maka adadin kuɗin tallafin da zai riƙa ba ka a takarda, haya a nan ba wasa ba ce.