Babur ɗin Baba: A Sayar Ko A Adana?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Daga Daura nake rubutowa. Marigayi mahaifinmu malamin firamare ne, ya sayi Honda Benly da kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da gwamnati ta biya ma'aikata, a 1975. Yau shekara goma sha biyu ke nan tana jingine a zaure, kaji na kwana a kanta. 'Yan gwangwan sun taya, ni kuwa raina bai ba ni ba. Ni da abokaina uku muna son mu tara irin waɗannan tsofaffin babura mu buɗe gidan tarihi, ba don riba ba. Anya wannan ba wasan yara ba ne?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan Baba. Ba wasa ba ne, amma kafin komai ka tuna babur ɗin nan gado ne. Ka tara magada, a yi masa kuɗi, ko ka biya kowa haƙƙinsa ko su yafe a rubuce. Na ga zumuncin da ya lalace a kan abin da bai kai babur ba.

A duniya ana yi. A Birmingham ta jihar Alabama a Amurka akwai gidan tarihin Barber, wanda attajiri George Barber ya kafa ba don riba ba, kuma a 2014 kundin Guinness ya ba shi kambun gidan da ya fi kowane tarin babura. To, ku ba ku da aljihun Barber, don haka labarin da ya fi dacewa ku ji shi ne na Anamosa a jihar Iowa. Gidan tarihin babura na can ya daɗe yana tafiya da ƙarfin mutum guda, John Parham. Ya rasu a 2017, a 2023 aka rufe ƙofa aka yi gwanjon baburan. Abin da nake jiye muku ke nan. Ku yi rajistar ƙungiya da amintattu a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ku sa dattawan gari a ciki, kowane babur kuma a rubuta matsayinsa: aro ne, kyauta ce, ko waƙafi.

Kada ku fara da gini. Littafi da biro za ku fara nema. Ƙarfe tsirara ba ya burge kowa; abin da zai tsayar da yaro ɗan makaranta shi ne a ce masa wannan Benly ita ce ta riƙa kai malami ƙauye yana koyarwa, ita aka ɗauko ungozoma da ita ranar da aka haifi wane. Ku nemo rasit, tsohuwar lamba, hoton Baba a kanta da babbar riga. Ku zauna da tsofaffin kanikawa da waya ku naɗi hirarsu, su ne suka san zamanin Vespa, da shigowar Jincheng, har zuwa Boxer ɗin 'yan acaba. Kuma don Allah kada ku yi mata sabon fenti. Ni kaina na taɓa ba wani bakanike tsohuwar Suzukin kawuna ya gyara, ya fesa mata ja mai ƙyalli ya jefar da tambarin tanki, ta dawo kamar ba ita ba. A goge ƙura, a tsiyaye fetur, a cire batir, a ɗaga ƙafafun daga ƙasa. Maganar fetur ɗin ba ƙarama ba ce, don gudun wuta ne: gobara ta cinye ɗaruruwan babura a gidan tarihin baburan Ingila da ke kusa da Solihull a Satumban 2003, sai ƙarshen 2004 suka sake buɗewa.

Su can har da tikitin cin babur suke tara kuɗi. A Daura kada ma ku soma, caca za a kira shi. Karo-karon wata-wata ya fi, ku shiga ƙungiyar 'yan acaba da ta masu sayar da kayan gyara, wani ya ba da shago, wani kwano.

Ku leƙa gidan tarihi na Katsina da ke ginin tsohuwar Kwalejin Katsina, ma'aikatan su nuna muku yadda ake ba kaya lamba. Nuninku na farko kuwa ku saka shi lokacin hawan Sallah, sa'ad da baƙi ke zuwa ganin rijiyar Kusugu. Babura biyar a ƙarƙashin rumfa sun isa. Kajin dai a nema musu akurki tun yau.