Tsohuwar bosuwaja mai jikin faiba tana shan mai: fiffike zan sa mata ko me?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Volkswagen Beetle mai inji 1600 da aka cire mata jikinta na ƙarfe aka ɗora na faiba, irin wanda ake sayowa gutsure-gutsure a haɗa. Ba ta da rufi, gilashin gabanta a tsaye yake, na sa mata faffaɗan tayoyi da ƙarin fitilu biyu. Daga Samaru zuwa Kaduna ba ta ba ni sama da kilomita 7 a lita. Wani mai gyaran jikin mota ya ce in kafa mata fiffike a baya don ta riƙa yanka iska. Ya kuke gani?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ajiye kuɗin fiffiken nan tukuna. Fiffiken da ake gani a motocin tsere aikinsa danne mota ƙasa a lanƙwasa, kuma da mai ake biyan wannan dannewar, domin ƙara wa mota turjiyar iska yake yi. A taka motar illa kawai zai ƙara.

Irin motarka tana da asali. Bruce Meyers ne ya fara ƙera irinta, ya ɗora jikin faiba a kan kayan bosuwaja a Kalifoniya ta Amurka a 1964, ya kira ta Meyers Manx, kuma don wasa a rairayin bakin teku ya yi ta, ba don doguwar kwalta ba. Ita kanta bosuwajar da aka riƙa haɗawa a Legas daga 1975, ma'aunin turjiyar iskarta, wanda injiniyoyi ke rubutawa Cd, wajen 0.48 ne, alhali ƙananan motocin yanzu suna wajen 0.30. Da aka cire rufi aka bar tayoyi a waje, taka ta haura ma'aunin asali.

Sai dai kilomita 7 a lita ya fi ƙarfin laifin iska ita kaɗai. Lafiyayyen inji 1600 a jikinsa na asali yana ba da 10 zuwa 12 a babbar hanya. Kafin ka yarda da lissafinka ma, duba awon. Agogon kilomita na bosuwaja daga tayar gaba ta hagu yake ɗaukar juyi, don haka idan tayar da ka sa ta fi ta asali tsayi, zai nuna maka tafiya ƙasa da wadda ka yi. Cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, auna tafiyar da taswirar waya, dawo famfo ɗaya ka sake cikawa, ka raba kilomita da lita. Yi haka sau uku. Cikon farko ba ya faɗin gaskiya.

Daga nan sai inji, kuma a nan mafi yawan man da kake nema yake. A saita bawul injin yana sanyi, wato ya kwana bai tashi ba, a kan milimita 0.15. Tazarar kwantak, wato makunnin da ke katse wutar fulogi, 0.4, ta fulogi 0.6 zuwa 0.7. Ka sa bakanikenka ya duba distibuta, mai rarraba wuta ga fulogi. Da yawa an canja musu ta asali da wadda ake kira 009, marar tiyon zuƙo iska daga kafireta. Idan ita ce, a saita wuta da fitilar awo, kada ta wuce digiri 30 zuwa 32 injin yana juyi 3,000 ko sama da haka. Amma idan kafiretarka Solex 34 PICT-3 ce, distibuta mai tiyo ta fi dacewa da ita, domin tana matso da wuta gaba lokacin da ƙafa ta yi sauƙi a kan totur, kuma a wannan yanayin ake yin kusan duk tafiyar Kaduna. A duba cok ɗin lantarki, mai ƙara wa inji mai idan yana sanyi: idan wayarsa ta cire, murfinsa ba zai buɗe duka ba, mota ta yi ta kwankwaɗar mai tana baƙin hayaƙi. Matatar iska mai baƙin mai a ƙasa kuwa, a hunturu wanke ta duk mako biyu bai yi yawa ba.

Zariya tana kan tudu, sama da mita 600 daga doron teku, ga zafin bazara, don haka iskarmu ta fi ta Legas sauƙi kuma kafireta kan ɗan yi yawan mai. Wannan kan jawo wasu su matse jet, wato ɗan ramin da mai ke bi a cikin kafireta. A yi hattara. Inji mai sanyaya da iska, idan mai ya yi masa kaɗan, kawunan silinda ke ɗaukar zafi, bawul ɗin fitar hayaƙi ya ƙone, kuma silinda ta uku ce kan fara a tsofaffin injuna. Idan za a rage, a rage mataki ɗaya, a yi tafiya, a ciro fulogi: ruwan ƙasa-ƙasa daidai ne, fari fat kuwa a mayar da tsohon jet.

Ɗaga kowace taya ka juya ta da hannu. Birkin da ke kamawa yana cin mai a ɓoye. Koma taya 165 mai rim 15, aƙalla a gaba. Faffaɗar taya da ta leƙo waje tana jan kwalta, tana kuma tare iska.

To, yanzu iskar. Ƙa'idarta ita ce idan gudu ya ninka biyu, turjiya ta ninka huɗu. Daga 80 zuwa 110, ƙarfin da iska ke tura motar baya ya kusa ninki biyu, ƙarfin injin da ake bukata don cin ta kuwa ya haura ninki biyu da rabi. Babu wani gyaran jiki da zai ba ka abin da saukowa daga 110 zuwa 85 zai ba ka, kuma dokar hanya ma 100 ta yanka wa ƙananan motoci a tagwayen hanya. A cikin garin Zariya kuwa, tsakanin PZ da Ƙofar Doka, inda da ƙyar ake kai 40, zancen iska bai taso ba. Nauyi da yawan tsayawa ke cin mai a can.

Kafin a yanka faiba, a ga iskar da ido. Yayyanka zaren ulu, santimita 10 kowane, ka manna da salatef a jere, tazarar santimita 15, a kan bonet, gefe da bayan kujeru. Wani ya bi ka a wata motar, fasinjansa yana ɗaukar bidiyo, kana gudun 70 zuwa 80. Da wannan dabarar ake duba fikafikan jirgin sama. Inda zare ya kwanta baya, iska na bin jiki. Inda yake rawa ko ya juyo gaba, nan ɓarnar take. Kusan tabbas za ka tarar da zaren bayan gilashi yana kallon gaba, domin gilashi a tsaye ba rufi yana haƙa ramin iska a bayansa, shi ya sa ƙura ke dukan ƙeyarka.

Maganin wannan rufi ne, kuma shi ne gyara mafi tsoka. Rufin faiba ko tamfol da aka ɗaure tamau a kan ƙarafa, ya tashi daga saman gilashi ba tare da mataki ba, ya gangara baya a hankali, kada gangarar ta wuce digiri 12 zuwa 15, sannan a datse shi da kaifin baki. Gangara mai tsanani tana sa iska ta saki jiki, aikin ya tashi a banza. Tamfol mai kumbura kamar balan-balan ma haka. Idan ba ka son rufi, rufe kujerar baya da ta fasinja da tamfol a miƙe lokacin da kake kai kaɗai. Cire ƙarin fitilun nan, ko a mayar da su cikin jiki.

Ƙarƙashin bosuwaja dama shimfiɗaɗɗe ne a tsakiya. Hargitsin yana gaba, wajen bim, wato ƙarfen da ke riƙe tayoyin gaba, da sandunan sitiyari. Falle ɗaya na alminiyam mai kaurin milimita 1.5, daga bamba zuwa farkon shasi, ya isa. A ɗaure shi da ƙusoshi masu noti, ba ribiti ba, saboda ranar sa giris, kuma a huda masa ramukan fitar ruwa don damina. A ƙasan bamba a rataya leɓen roba mai kauri, a bar santimita 15 tsakaninsa da ƙasa saboda tuddan rage gudu. Wannan yana rage iskar da ke ɗaga gaban motar, wanda dama ba shi da nauyi tunda inji a baya yake.

Kada a kuskura a rufe ƙarƙashin inji. Fanka daga sama take zuƙar iska mai sanyi, ta hura ta kan silinda, ta zubar da mai zafi ta ƙasa. Rufe wurin, ka dafa injin kafin Jaji. Haka nan gwangwanayen da ke kewaye da inji, waɗanda masu haɗa irin motarka kan jefar don kwalliya, a mayar da su duka, in ba haka ba fanka za ta sake shaƙar iskar da ta zubar. Bayan sa rufi ma a sake manna zare kusa da bakin fanka, a tabbata iska na isa wurin.

Kowane gyara a gwada shi shi kaɗai. Nemi miƙaƙƙiyar hanya marar cunkoso da sassafe kafin iska ta taso, kai 90, saka giya a firi injin yana aiki, wani ya ƙirga daƙiƙun da za ta ɗauka ta sauko 60. Zuwa uku, dawowa uku, a ɗauki matsakaici. Idan daƙiƙu sun ƙaru, gyaran ya yi amfani. Idan ba su motsa ba, a kwance shi. Game da abin da za ka samu, rage turjiya da kashi 10 cikin 100 yakan rage shan mai da wajen kashi 5 a babbar hanya. Idan inji ya saitu, taya ta koma sirara, rufi ya hau, kana tafiya a 85, kilomita 10 a lita abu ne da za ka iya sa rai da shi.