Filin Tambaya da Amsa: Ina fitar da ushiri amma ina jinkirta albashin ma'aikatana

TAMBAYA: Baba ina gaisuwa, Allah ya ƙara basira. Ni Kirista ne tun haihuwa, an yi min baftisma, ba na fashin sujada kuma ushirina ba ya taɓa tsallake wata. Ina da ɗan ƙaramin kamfani da ma'aikata 6, to gaskiya kasuwa ta ɗan yi sanyi shi ya sa nakan riƙe albashinsu wata ɗaya wani lokacin biyu in juya kuɗin tukuna kafin in biya. Kwanan nan ɗaya daga cikinsu ya kalle ni ya ce wai wane irin Kirista ne ni. Maganar ta tsaya min a rai har yau. Don Allah mene ne ma zama Kirista? Ni a ganina harkar kasuwanci daban, harkar bangaskiya daban. Ko na yi kuskure ne?

AMSA: Ɗan'uwa na gode da ka rubuto, kuma na gode da ba ka ɓoye komai ba, da yawa sun gwammace su kori yaron nan da su zauna su yi tunanin abin da ya faɗa. Amma gaskiya zan faɗa maka, e ka yi kuskure, kuma kuskuren yana daidai wurin da ka raba kasuwa da bangaskiya.

Sunan nan Kirista a Antakiya aka fara kiran almajirai da shi, yana nan a Ayyukan Manzanni 11:26, ma'anarsa mutanen Almasihu, wato wanda ya ba da gaskiya ga Yesu ya kuma miƙa masa ransa dungum yana binsa. Ceto dai alheri ne, babu mai saye da kuɗi ko da aiki, wannan ba ma jayayya a kai. Sai dai wanda ya ce Yesu Ubangijinsa ne to ya zama Ubangijin littafin lissafinsa ma, da sitonsa, da asusunsa na banki, ba zai yiwu ka ba shi Lahadi ka riƙe sauran kwana 6 ba.

Kuma maganar albashi ba abu ne da Littafi Mai Tsarki ya bari a dunƙule ba balle a ce sai an nemo fassara. Littafin Firistoci 19:13 ya ce kada hakkin ɗan ƙodago ya kwana a hannunka har safiya. Maimaitawar Shari'a 24:14-15 ta ƙara da cewa ka biya shi a ranar kafin rana ta faɗi, ta kuma ba da dalili, wai saboda shi matalauci ne kuma zuciyarsa tana kan kuɗin nan, in ba haka ba zai kai kuka ga Ubangiji ya zama zunubi a kanka. Ka lura da wannan dalilin sosai don shi ne yake taɓa ni kullum. Kai wata biyu a wurinka juyi ne na jari, shi kuwa a wurinsa mai gidan haya ne a bakin ƙofa, yaro ne aka koro daga makaranta, magani ne da ba a saya ba, bashi ne da zai je ya ci da ruwa a hannun wani don kai ka riƙe nasa kyauta. In ka duba da kyau rance ma'aikatanka suke ba ka, rancen da ba ka roƙa ba, ba su amince ba, kuma ba ka biyan komai a kansa. Yakubu 5:4 ya ce hakkin masu girbi da aka danne yana kuka kuma kukan ya kai kunnen Ubangiji Mai Runduna. Kuɗin da kansa ne ke kuka fa.

To ushirin kuma fa? Ba na ce ka daina ba. Amma ka tuna Matiyu 23:23 inda Yesu ya tsawata wa Farisiyawa, suna fitar da ushirin na'ana'a da 'yan ganyayen ƙamshi amma sun yi watsi da manyan al'amuran Shari'a, adalci da jinƙai da aminci, ya ce ya kamata a yi waɗannan ba tare da an bar wancan ba. Kuma ushiri daga abin da yake naka ake fitarwa, albashin da lokacinsa ya yi ya riga ya fita daga naka. A Matiyu 5:23-24 ma cewa ya yi in ka kawo baikonka gaban bagade ka tuna ɗan'uwanka yana da ƙara a kanka, ka ajiye baikon ka je ku shirya tukuna. Kai kam ka san wanda yake da ƙara a kanka, har ya faɗa maka a fuska.

Na san za ka ce ai sun yarda, babu wanda ya ajiye aiki. Wannan hujjar tsohuwa ce. A 1891 Paparoma Leo na 13 ya fitar da wasiƙarsa mai suna Rerum Novarum lokacin da masana'antun Turai ke tatsar ma'aikata, a ciki ya ce in talauci ko tsoro ne ya sa ma'aikaci ya karɓi sharaɗi mai tsanani to ba yarda ya yi ba, tilasta shi aka yi, kuma albashi ya kamata ya isa mutum ya rayu. Ko kai ba ɗan Katolika ba ne wannan maganar gaskiya ce, shirun mai neman abinci ba amincewa ba ne.

Abin yi a wannan makon, ka tara su 6 ɗin ka nemi gafararsu, ka buɗe musu yadda kasuwar take ba ɓoye-ɓoye, ka sa ranar biya a rubuce, kuma in dole wani ya jira to kai ne za ka fara jira, naka kason ya zo ƙarshe. In kamfanin ba zai iya ɗaukar mutum 6 ba gara ka faɗa musu tun yanzu ka sallami wanda za ka sallama da cikakken hakkinsa. Ka tuna Zakka mai karɓar haraji a Luka 19, sai da ya ce zai ba matalauta rabin dukiyarsa ya kuma mayar wa duk wanda ya cuta ninki 4, a nan ne Yesu ya ce yau ceto ya zo gidan nan. Yaron da ya yi maka maganar kuma don Allah kada ka riƙe shi a zuciya.

TAMBAYA: Baba ni tambayata, tunda Kiristocin farko komai nasu a haɗe yake, hakan na nufin laifi ne Kirista ya yi arziki ko ya mallaki abu nasa na kansa? Daga wata 'yarka mai karanta filin nan kullum.

AMSA: 'Yata ba laifi ba ne. A Ayyukan Manzanni 4 sun sayar da gonaki da gidaje sun raba har ba a samu mabukaci a cikinsu ba, amma da son ransu suka yi, shi ya sa a sura ta 5 Bitrus ya ce wa Hananiya, wanda ya sayar da gonarsa ya ɓoye wani kaso na kuɗin, ai gonar taka ce kafin ka sayar kuma kuɗin yana hannunka bayan ka sayar, laifinsa ƙarya ce. 1 Timoti 6:10 ma son kuɗi ya kira tushen mugunta, ba kuɗin ba.

Abin da Shari'ar Musa ta yi shi ne ta sa wa mallaka iyaka. Mai gona kada ya girbe har gefe-gefe, ya bar wa matalauci da baƙo su yi kala, da haka Rut ta ciyar da kanta da surukarta a gonar Bo'aza, kuma kin ga ba sadaka aka miƙa mata ba, dama aka bar mata ta yi aiki da mutuncinta. Kada a karɓi dutsen niƙa jingina don abin neman abincin mutum ne. Duk shekara 7 a yafe bashi, a shekara ta 50 kuma, wadda ake kira Jubili, gonaki su koma ga iyalan da suka sayar, don kada talaucin uba ya zama gadon jikoki. Daga nan ne gangamin Jubili 2000 ya samo sunansa, wanda majami'u da yawa suka tsaya a kai suna neman a yafe wa ƙasashe matalauta bashi, kuma a 2005 ƙasashen G8, wato ƙungiyar manyan ƙasashe 8 masu ƙarfin tattalin arziki, suka amince a yafe wa ƙasashe 18 bashin kusan dala biliyan 40.

Don haka ki nemi na kanki da ƙwazo, sai dai ki riƙa tambayar kanki ta yaya ya shigo hannunki, ma'auninki cikakke ne, kuma a cikin sana'arki ina gefen gonar da kika bar wa mai kala. In kin ba wani rance ya kasa biya saboda ciwo ko asara, ki zauna da shi ki ji halin da yake ciki kafin ki sake aika masa saƙon tuni.